Janar, Bunsurun da Ba Ya Wari

"Ni fa da kuke gani, in na kalli akuya sau ɗaya, na san kakanta, na san kakarta, na kuma san nauyin jikokin da za ta samu."

Tela ne ya faɗi haka a shagon Mai Aski, yana zaune a benci, ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana murza gashin bakinsa. Ba aski ya zo ba. Ko ranar da ya zo askin kai, sai ya dafe leɓensa na sama da tafin hannu har a gama, don kada reza ta yi kuskure. Shekara ashirin ke nan yana kiwon gashin bakin nan. Yana shafa masa mai, yana da ɗan matajinsa na musamman a aljihun gaba, ya murɗe gefe da gefe sun miƙe sama kamar ƙahon sa. In gaskiya za a bi, shi kaɗai ne abin da Tela ya taɓa kiwatawa ya rayu.

Awaki ukun da ke gidansa na matarsa ne. Abin da ke haɗa shi da su bai wuce ya jefe su da takalmi in sun ci ƙyallen mutane ba. Amma mako uku da suka wuce ya sayi babbar waya, ya faɗa kallon bidiyon masu kiwo, shi ke nan kunnuwan unguwa suka rasa hutu.

"Abin da kuke ɗaurewa a gidajenku ba awaki ba ne," in ji Tela. "Kyanwoyi ne masu ƙaho. Akuya iri-iri ce. Akwai ta madara, akwai ta fata, akwai mai dogayen ƙafafu da ba ta da komai sai gudu. Sannan akwai ta nama. Jiki fari, kai ja, kunnuwa a zube kamar silifa, ƙirji kamar ƙofar shago. Bunsuru ɗaya na irin nan zan kawo. Kowa ya miƙo mini akuyarsa, in gyara muku jini gaba ɗaya."

Mahauci yana kan kujera, fuska duk kumfa. Ya ce, "Tela, ka taɓa riƙe bunsuru da hannunka kuwa?"

"Riƙewa ai naku ne. Ni da ƙwaƙwalwa nake aiki."

"To ranar kasuwa mu je tare, in taya ka dubawa."

"Ka taya wa? Kai fa sai dabba ta mutu kake saninta. Ni da ranta nake karanta ta."

Aka yi dariya. Mai Aski ya goge reza a tawul ya ce, "In kuma abin bai yi ba fa?"

A nan ne ya kamata Tela ya yi shiru. Sai ya miƙe tsaye, ya kama gashin bakinsa da hannu biyu.

"Ga shaidu nan. In bunsurun da zan zaɓo bai cika unguwar nan da 'ya'yansa ba nan da wata bakwai, ka zaunar da ni gaban jama'a ka aske wannan. Tas!"

Mai Aski ya buɗe durowa, ya ciro sabuwar reza a takardarta, ya ɗora ta can saman madubi.

"Wannan taka ce," ya ce. "Ba wanda zan taɓa da ita."

Ranar kasuwa Tela ya sayar da keken ɗinkinsa na biyu, ya rataya tef ɗin awo a wuya, ya shiga layin awaki yana tafiya kamar wanda ya zo duba makaranta. Ya wuce jajaye yana taɓe baki. Ya wuce gajeru bai ko kalle su ba. A can ƙarshen layi ya tarar da wani tsoho mai irin da yake nema, masu jan kai da zubabbun kunnuwa.

"Baba, irin nama nake so. Na gaske."

Tsohon ya nuna masa wani da aka ɗaure can nesa da sauran, shi kaɗai a turkensa. Kafin Tela ya isa, wari ya riga ya tarye shi a hanya. Bunsurun sai zagaye turke yake yi, gemu ya yi rawaya, yana ɗaga leɓe sama, yana wani irin gurnani da ba ya daɗin ji a gaban mutane.

Tela ya toshe hanci da hula. "Wannan ai ɗan tasha ne! Ka dube shi, ko natsuwa babu. Duk naman da zai yi ya ƙare a zagaye."

"Shi dai aikinsa yana kyau," in ji tsohon.

Amma idon Tela ya riga ya tafi wani wuri. A ƙarƙashin rumfa ga wani ƙato a kwance, fari fat, kai ja kamar an shafa masa man ja, yana tuƙa a hankali kamar mai jiran a kawo masa takarda ya sa hannu. Tela ya matsa ya shinshina. Babu wari ko kaɗan. Wata akuya ta gifta ta gaban hancinsa, bai ko ɗaga kai ba.

"Ka ga tarbiyya," in ji Tela. "Ka ga ɗan babban gida."

Ya zaro tef. Ya auna ƙirji. Ya auna baya daga wuya zuwa wutsiya. Ya auna cinya, ya auna kunne, ya buɗe baki ya ƙirga haƙora kamar yadda ya gani a waya, ya rubuta komai a bayan hannunsa. Wuri ɗaya tak ya bari bai duba ba, don a ganinsa mai gashin baki irin nasa ba ya durƙusawa a tsakiyar kasuwa yana leƙen ƙarƙashin dabba.

"Malam," in ji tsohon, "in yankawa za ka yi, ba ka da kamarsa. Amma in tara shi za ka yi da mata, ya kamata in gaya maka, shi wannan tun yana ƙarami aka..."

"Baba, tsaya. Kada ka koya mini."

"Ai ba koya maka zan yi ba, cewa zan yi an riga an..."

"Na san abin da za ka ce. Kana so ka liƙa mini mai warin can da ya ƙi sayuwa, ka ɓoye wannan wa wani. Na san dabarunku, har bidiyo na kalla a kanku."

Tsohon ya dubi Tela, ya dubi gashin baki, ya kwance igiya ya miƙa masa. "Allah ya sa albarka," ya ce. Har Tela ya fita daga layin, tsohon yana tsaye yana girgiza kai, Tela kuwa ya ɗauka baƙin cikin rabuwa ne.

Tun a hanya ya raɗa masa suna Janar.

Da aka sauke shi a tsakar gida, matar Tela ta fito daga kicin tana goge hannu. Ta zagaya shi sau ɗaya, ta ja iska ta hanci.

"Baban yara, wannan wane irin bunsuru ne ba ya wari?"

"Irin waje ne. Can ba a wari."

"Bunsuru dai bunsuru ne ko a ina aka haife shi. Bari in gani." Ta sunkuya za ta leƙa.

"Kul!" Tela ya shiga tsakani ya ware hannuwa. "Kin san cutar da ke hannunki? Waɗannan ba sa jure numfashin mutane. Daga yau ba mai matsowa kusa da shi sai ni."

Kafin la'asar ya ɗinka wa Janar riga. Da ragowar yadin mutane ya yi ta, shuɗiya mai layi-layi, da maɓallai a ƙirji, ta sauko har gwiwar baya, wai saboda ƙuda da bakin mutane. Ya ɗaura igiya ya raba tsakar gida biyu. Ya ajiye baho da ruwan magani a bakin ƙofa, duk mai shigowa sai ya tsoma ƙafa.

Matar ta ce, "To da rigar zai yi aikin?"

"Na bar masa tsaga. Ke dai ki kula da tukunyarki."

Saura matsala ɗaya, tana kuma bayan katanga. Gwaggon Tela, ƙanwar mahaifinsa, ita ce maƙwabciyarsa, tana da wani ɗan baƙin bunsuru da ake kira Guntu. Tsawonsa bai wuce bokiti ba. Baƙi ne ƙirin, sai ƙafar gaba ta hagu fara, kamar ya sa safa ɗaya ya manta ɗayar. Warinsa kuwa yana riga shi shan kwana. Kusan duk ɗan akuyar da aka haifa a unguwar nan cikin shekara huɗu, in ka bincika, Guntu ya taɓa bi ta layin.

Tela ya shiga ya gaishe ta a tsaye.

"Gwaggo, alfarma na zo nema. A ɗaure Guntu. Wata bakwai."

"Me ya yi maka?"

"Zai ɓata mini iri."

Gwaggo ta ajiye tsintsiya. "Kai ɗan nan, ni na yi maka wankan jariri, kai ma ba wani irin kirki aka gani ba, aka haƙura aka raine ka. Guntu ya taɓa zuwa gidan wani aka dawo da ƙorafi?"

"Gwaggo, zamani ya canza. Yanzu ilimi ake bi."

"Shi naka mai rigar, ilimin ne da shi?"

"Gwaggo, ba za ki gane ba."

"To. Na ɗaure. Amma igiya ce, ba sarƙa ba, kuma haƙoransa nasa ne."

Tela bai tsaya nan ba, ya sa aka ƙara bulo biyu a kan katanga.

Washegari awaki suka fara zuwa. Ta Mahauci, biyu na matar Mai Aski, biyu na mai wanki, biyu na direba, har da wata gurguwa ta mai gadin makaranta. Tela ya zauna a kujera a bakin ƙofa yana auna kowace da tef, yana tsaki, yana cewa a dai shigo da ita don tausayi. Da na matarsa suka zama goma sha ɗaya. Aka sake su cikin igiya, Tela ya gyara wa Janar wuyan riga, ya ja baya ya ce, "Bismillah, ranka ya daɗe."

Janar ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Ya tashi da ƙyar, ya ratsa ta tsakiyarsu, ya wuce kai tsaye wurin kwanon dusa.

"Gajiyar tafiya ce," in ji Tela.

Mako ya cika. Akuyar Mahauci ta shiga lokacinta, tana kuka, tana kaɗa wutsiya kamar fanka, tana bin Janar tana goga masa jiki. Janar ya matsa. Ta bi shi. Ya sake matsawa. Da ta gaji sai ta ja baya ta kai masa karo a haƙarƙari, ƙaton nan ya ruga da gudu ya ɓuya a bayan Tela, riga na jan ƙasa.

Mai wanki yana leƙe ta ƙofa. "Tela, wannan Janar ɗin naka ya taɓa zuwa yaƙi kuwa?"

"Kunya ce. Kun tsaya kun zuba masa ido, ya za a yi?"

Aka rataya labule. Shiru. Tela ya ce zafi ne, ya ciro fankar shagonsa ya kafa wa Janar, shi yana ɗinki yana gumi. Shiru. Ya ce kewar gida ce, ya kunna masa rediyo. Janar ya cinye wayar rediyon. Ya ce ƙarfi ne bai taru ba, aka ƙara dusa, aka ƙara harawa, aka jiƙa kanwa, har ɗanyen ƙwai Tela ya fasa masa a baki. Abin da aka samu kawai shi ne sai da aka buɗe rigar sau biyu aka ƙara mata yadi.

Su kuwa awakin, da suka ga ba abin yi, sai suka koma wa dukiyar gida. Suka ci labulen. Suka ci igiyar shanya da abin da ke kanta. Gurguwar nan, da ake tausayinta, ita ta shiga ɗaki ta cinye hannun rigar direba da Tela ya kawo gida zai sa wa maɓalli. Tsakar gida ta koma ba inda za ka taka. Matar Tela ta daina magana, sai dai ta share ta tara masa a ƙofar ɗakinsa.

A bayan katanga kuwa, Guntu kuka yake yi safe da rana, irin kukan ma'aikacin da aka kora yana jin ana ɓata aikinsa.

Duk sanda Tela ya bi ta gaban shagon aski, sai Mai Aski ya ɗaga hannu ya nuna saman madubi. Nunawa kawai yake yi.

Ana cikin mako na biyar, Tela ya dawo daga shago da azahar, yana tsoma ƙafa a baho sai ya tsaya cak. Ya ja iska. Ya sake ja. Tsakar gidan ta cika da wari, irin mai shiga ido.

"Ke! Ke! Fito ki ji! Janar ya fara wari!"

Matar ta fito, ta dubi tsohon duron ruwa da ke jingine da katanga, ta dubi rufin akurkin kaji da ya lotsa a tsakiya, ta dubi sabon bulon da aka kankare.

"Baban yara, warin nan fa kamar na san shi."

"Ina za ki san shi? Wannan warin waje ne. Ba ki ji ya fi kauri ba?"

"Ni dai da za ka bari in gaya maka abin da na gani ɗazu..."

"Kin ga Janar ya tashi, ko? Na sani. Ba sai kin faɗa ba, akwai kunya."

Janar yana kwance gaban fanka yana barci. Tela ya ce ai dole, aiki ya sha. Sati biyu ana haka, kullum in ya dawo da azahar sai ya tarar da wari sabo, awaki sun yi lamo, Janar yana barci. Gwaggo ta aiko a tambaye shi ko yana da ragowar igiya, wai tata ta ƙare. Ya aika mata, har da faɗan cewa tsofaffi ba su iya tattali ba.

Ciki ya bayyana. Ba ɗaya ba, ba biyu ba, duka goma sha ɗayan, har gurguwa.

Daga ranar ba a ƙara samun zaman lafiya da Tela ba. Ya sa aka rubuta allo aka kafa a ƙofar gida: CIBIYAR GYARAN IRIN AWAKIN NAMA, SAI DA IZINI. Ya hana a mai da awakin gidajensu, wai cikin irin waje sai ƙwararre. Kullum sai ya auna cikinsu da tef. Ya ce wa Mahauci ya fara neman babbar wuƙa, don waɗanda yake da su na kaji ne. Ya tsaya a ƙofar shagon aski ya murza gashin baki har sai da gefe ɗaya ya kusa taɓa ido.

"Rezar nan kada ta yi tsatsa, ka samu wani ka yi masa."

"Tana cikin takardarta," in ji Mai Aski. "Ba ta gaggawa."

Da cikin awakin ya kusa cika wata biyar, Tela ya bi gida-gida da kansa ya sanar cewa ranar Asabar ta sama da hantsi za a buɗe ƙofa, kowa ya zo ya karɓi akuyarsa da 'ya'yan Janar, ya kuma zo da wanda zai taya shi ɗauka.

Ranar Talata akuyar Mahauci ta haihu. Tagwaye. Tela ya durƙusa da tef a hannu, sai ya ga ba abin aunawa. 'Yan mitsi-mitsi ne, baƙaƙe ƙirin, kunnuwa a tsaye. Ɗayan ya miƙo ƙafar gaba, fara sol.

"Haka suke fitowa," ya ce wa matarsa, murya ƙasa-ƙasa. "Daga baya suke washewa."

"Uhm," in ji ta.

Laraba uku suka haihu. Alhamis huɗu. Zuwa Juma'a tsakar gida ta cika da baƙaƙen 'yan awaki goma sha bakwai suna tsalle, fiye da rabinsu da safa ɗaya. Ba wanda ya washe.

Wani mai hankali da sai ya je ya sami Mai Aski a ɓoye ya ba shi haƙuri. Tela kuwa shago ya tafi, ya kwaso allin da yake zana yadi da shi, ya daka a turmi, ya dama da ruwa. Ya jiƙa jan rini a kofi. Asabar da sassafe ya kama su ɗaya bayan ɗaya, jiki alli, kai rini. Kunnuwa ne suka ƙi kwanciya, ya danna ya danna, ya haƙura.

Matar tana tsaye tana kallo. "Baban yara, ka ji tsoron Allah."

"Taimaka musu kawai nake yi. Launin da za su yi nan gaba ne na matso da shi kusa."

Hantsi ya yi, unguwa ta cika gidan. Masu awaki a gaba, 'yan kallo a baya, wasu a kan katanga. Baho ya kife tun a mutum na biyar. Gwaggo ta zo da kujerarta ta zauna a inuwa. Mai Aski ya zo da 'yar jakarsa a hammata, ya ce wucewa yake yi.

Tela ya fito cikin sabuwar riga, ya tsaya kusa da Janar, ya yi jawabi a kan jini da iri da jahilcin mutanen da. Sannan ya yaye zanin da ya kare rumfar da ya ɓoye 'yan awakin a ciki.

'Yan awaki goma sha bakwai suka fito a guje, fari-fari, toka-toka, kai kamar an tsoma a miya. Duk inda suka yi tsalle sai ƙura ta tashi.

Direba ya ɗauki ɗaya, ya ajiye, ya dubi gaban rigarsa. "Tela, naka irin zuba yake yi?"

"Garin haihuwa ne. Irin waje da shi suke zuwa."

Iyayen kuwa ba su saurari jawabi ba. Kowace ta nemo nata ta hau lasa. Akuyar Mahauci ta lashe ɗanta tun daga wuya har wutsiya, ga baƙi ya fito yana sheƙi, ita kuma bakinta ya yi fari kamar ta ci gari. Nan da nan ko'ina ka duba baƙi ne ke ɓullowa. Wuri ɗaya ne aka lasa aka lasa bai fita ba, ƙafar hagu.

Sai aka ji ƙarar kwanon rufin akurki. Kafin a waiwaya wari ya iso. Guntu ya diro daga kan katanga ta kan duro, guntun igiya na reto a wuyansa, ya ratsa taro kamar mai gida, ya tsaya a tsakiyar 'ya'yan. Ya miƙa ƙafarsa ta hagu gaba. Wajen guda goma suka taru a gefensa, kowa da tasa.

Matar Mai Aski ce ta fara fashewa, sai gida ya ɗauka.

"Tsaya! Ku tsaya!" Tela yana ɗaga hannu. "Wannan a ilimi sananne ne. Uwa in ta yawaita jin kukan wani tana da ciki, ɗan yakan ɗauko kamarsa. Amma jinin na Janar ne!"

"To bari mu tambayi Janar," in ji Mahauci.

Ya tsallake igiya. Tela ya yi ihu a kan cuta da numfashi, ba wanda ya kula. Mahauci ya dafa bayan Janar, ya kama gefen rigar shuɗiya, ya yaye ta har gadon baya, ya sunkuya. Bai daɗe ba. Ya ɗago, ya juya Janar ya ba jama'a baya, ya ɗaga wutsiya yadda na kan katanga ma za su gani.

"Jama'a, ga shi nan. Taure ne. An dandaƙe shi tun bai san hagu da dama ba. Wannan ko shekara goma ya yi da awakinku, sai dai su yi zumunci."

Mai gadin makaranta ya zauna a ƙasa don dariya. Mai wanki yana dukan katanga.

"Amma fa a ba Tela haƙƙinsa," in ji Mahauci, yana shafa cinyar Janar. "Nama ya ce zai kawo, ya kuwa kawo. Ban taɓa ganin kitse irin wannan ba. Wata bakwai ana yi masa fanka!"

"Kai ɗan nan," in ji Gwaggo daga kujerarta, "ka auna kunne, ka auna wutsiya, tef ɗin ne bai kai can ba?"

Tela ya dubi ƙofa, mutane sun toshe ta. Ya gyara murya.

"Ni dai abin da na yi alkawari, unguwa za ta cika da 'yan awaki. Ku ƙirga. Ba ta cika ba?"

"'Ya'yansa ka ce," in ji Mai Aski. "Bunsurun da za ka zaɓo. Ga shaidu nan, ko ɗaya bai mutu ba."

Ya buɗe 'yar jakar da ya ce wucewa yake yi da ita. Ga sabulu, ga buroshi, ga rezar nan a takardarta. Tela ya waiwaya yana neman matarsa ta cece shi, sai ga ta tafe da kujera. Ta ajiye a tsakiyar gida, ta share kashin awaki a gefenta da kyau don kowa ya sami wurin tsayawa.

"Na manta tawul," in ji Mai Aski.

Ta je ta ɓalle maɓallan rigar Janar, ta kakkaɓe, ta ɗaura wa mijinta a wuya. "Ɗinkinka ne, Baban yara. Har tsaga ka bar masa."

Mai Aski ya zare tef daga wuyan Tela, ya auna gashin bakin dama, ya auna na hagu, sannan ya durƙusa ya leƙa ta ƙarƙashin hanci.

"Ka yi haƙuri," ya ce. "Ni sai na duba ko'ina kafin in fara."

Ja ɗaya, ƙahon dama ya faɗo kan riga, ya gangara ƙasa. Shekara ashirin. Janar, da ya ga abu ya faɗi kusa da kwanonsa, ya tako a hankali, ya shinshina, ya ji ƙanshin mai. Ya lashe shi ya hau tauna, yana kallon Tela, yana jiran na hagu.